Tifar Da Ɗayyabu Ya Sallama

Shekara goma sha tara Malam Ɗayyabu yana jan bas ɗin ma'aikata na wani kamfanin jimar fata a Challawa, kuma a tsawon shekarun nan ko kaza bai taɓa takewa ba. Ma'aikatan har tsokanarsa suke yi, wai in mutum ya makara bas ta wuce shi, ya taka da ƙafa kawai, kafin Sharada zai cim mata. Shi dai sai murmushi. Gajeren mutum ne mai furfura a gemu, haifaffen Ɗorayi tun lokacin da rabin unguwar gonaki ne, kuma ubansa a nan ya yi noma har ƙasa ta rufe idonsa.

A Bompai ya koyi tuƙi, a wani kamfanin robobi. Shekara tara yana can, ran nan suka zo aiki suka tarar da kwaɗo a ƙofa, an rufe kamfanin. Shekara biyu cur ya yi babu aiki. Ya san yadda magidanci yake sa hula ya fita da sassafe ba don yana da wurin zuwa ba, sai don kada 'ya'yansa su gan shi a zaune. Tun daga nan tsoron rasa aiki ya shige shi bai sake fita ba. Yanzu shekararsa hamsin da huɗu, 'ya'ya shida, kuma wa zai ɗauki direba mai furfura alhali ga samari suna layi?

Aibinsa ɗaya ne, in aibi ne: bai iya kallon idon wanda ya girme shi ya ce a'a ba. Matarsa Saudat ta yi mita har ta gaji.

Wata Laraba da hantsi, ya gama sauke waɗanda suka tashi daga aikin dare, yana komawa Challawa bas babu kowa. A wata mahaɗa cikin Sharada sai ga tsohuwar tifa shaƙe da yashi ta fito daga layi ba ta ko tsaya ba, ta daki bas ɗin a haƙarƙari. Ƙofa ta lotsa ciki, gilasai uku suka zube. Allah ya taƙaita, shi ko ƙwarzane bai yi ba.

Kafin ya sauko wurin ya cika maƙil. Direban tifar ashe tsoho ne tukuf, ya durƙusa a kan fasassun gilasan ya rungume ƙafar Ɗayyabu yana kuka, yana cewa motar ba tasa ba ce, in aka kai shi wurin 'yan sanda a can zai mutu. Wasu samari sun fara ɗaga murya a ja shi a daka. Sai wani dattijo ya dafa kafaɗar Ɗayyabu ya ce tunda ba a rasa rai ba, ya dubi girman Allah. Ɗayyabu ya dubi ƙasa, ya ga jini a gwiwar tsohon.

"Tashi, Baba. Tashi ka tafi, na yafe."

Wurin ya ɗauki kabbara. Tsohon ya hau tifarsa ya ja, masu shaguna suka share gilashin tas, aka tura bas gefe. Lambar tifar laka ta rufe ta, kuma duk cikin jama'ar nan babu wanda ya tambayi sunan tsohon ko garejin da ya fito. Ai wanda aka yafe wa ba a tambayarsa suna.

Sai da aka watse, ya tsaya shi kaɗai yana kallon ƙofar da ta lotse, sannan abin ya faɗo masa. Bas ɗin nan ba tasa ba ce balle ya yafe. Gumi ya keto masa. Ya kira Malam Tijjani, mai kula da motocin kamfani, a waya. Tijjani ya fara tambayar lafiyarsa, sannan ya tambayi inda wanda ya buge shi yake.

"Ya gudu," in ji Ɗayyabu.

Kalmar ta fita tun kafin ya yi shawara da kansa. Tijjani kuwa ya ce ya kwantar da hankalinsa, motar tana da cikakkiyar inshora, in wanda ya yi ɓarnar ya tsere ba a san shi ba, kamfanin inshora ne zai gyara. Rahoton 'yan sanda kawai ake bukata da wani fom. Suka je ofishin 'yan sanda Ɗayyabu ya maimaita cewa gudu ya yi, ya sa hannu. Aka kawo fom ɗin inshora, ya sake sa hannu. Mutumin da ko a wasa ba a san shi da ƙarya ba, ga shi ya yi ta sau uku kafin la'asar, biyu ma a rubuce.

Da abin ya tsaya a nan da sauƙi. Amma mutanen Kano in suka ga abin kirki ba sa iya riƙe bakinsu. Ranar Alhamis, yana jan bas ɗin haya da aka ba shi kafin a gyara tasa, sai ya ji wata ma'aikaciya a bayansa tana ba da labarin wani direba a Sharada da aka ragargaza wa mota ya ce ya yafe. Wai mijinta ne ya ji a wurin mai aski. Aka yi ta sa wa direban albarka. Wani ya ce Malam Ɗayyabu, ku ma ai a Sharada aka buge ku, naku kuwa gudu ya yi, kun ga bambancin mutane. Ɗayyabu ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya ce ƙwarai kuwa.

Daga ranar ya daina bi ta mahaɗar, ya riƙa zagaye ta wata hanya mai ramuka, ma'aikata na ƙorafi. Wayarsa in ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi. In ya ga mutum biyu a ƙofar kamfani sun haɗa kai a kan waya, sai ya ce shi ke nan, wani ya ɗauki hoton abin. Ranar Juma'a bayan an idar da salla wani baƙon mutum ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce Allah ya ƙara irinku, kuma Ɗayyabu bai tsaya jin dalili ba, ya fizge ya bar masallacin. Duniya akwai abin mamaki, mutum yana gudun yabo kamar ɓarawo yana gudun ihu. Tuwo ma ya daina shiga. Saudat ta ɗauka firgitar hatsarin ce, ta yi ta dama masa kunu.

Sau biyu yana zuwa ƙofar ofishin Tijjani da niyyar ya faɗi gaskiya. Na farko ya tarar da baƙi. Na biyu babu kowa, Tijjani ya ɗago ya ce yaya dai, shi kuma ya ce taya ɗaya na bas ɗin hayar tana sace iska.

Ranar Talata aka aiko daga kamfanin inshora. Wata mata ce mai suna Hajiya Shifa'u, mai farin tabarau da magana a hankali. Ta zagaya bas ɗin ta ɗauki hotuna, ta gaishe shi da girmamawa har da jajanta masa, kuma wannan ladabin nata ya fi tsawa ba shi tsoro. Ta ce tunda babu lamba babu suna, ƙa'idarsu sai an sami shaida ko da mutum ɗaya ne, saboda haka su je wurin tare. Ya ce ai mahaɗa ce, masu wucewa ne kawai. Ta ce ita ba ta taɓa ganin mahaɗar da babu mai faci ba.

A motarta suka tafi, yana zaune a gefe. Duk addu'ar da ya sani ya karanta, yana roƙon Allah ya sa mai facin ya yi tafiya, ko ya manta fuskarsa. Yana roƙon yana jin kunyar abin da yake roƙo.

Mai facin yana nan, Inuwa sunansa. Ɗayyabu bai gama sauke ƙafa ba Inuwa ya yar da tayar da ke hannunsa ya taho da gudu yana kiran maƙwabta su fito, ga bawan Allahn nan ya dawo. Mai katako ya fito, mai sayar da man juyen mota ya fito, har dattijon da ya dafa masa kafaɗa. Suka kewaye shi, kowa yana son ya gaisa da shi. Da Hajiya Shifa'u ta ce shaida take nema, Inuwa ya bugi ƙirji ya ce a gabansa aka yi, a rubuta sunansa da lambar wayarsa. Ya ba da labari tiryan-tiryan, da durƙuson, da kukan, da kalmar da Ɗayyabu ya faɗa. Sauran suna ƙarawa, suna gyara masa inda ya rage. Sun ɗauka lambar yabo za a ba shi. Ita kuwa rubutu kawai take yi.

Da ta gama ta cire tabarau ta dube shi.

"Malam Ɗayyabu, gudu ya yi, ko ku kuka sallame shi?"

Duk fuskokin nan suna masa murmushi. Ya sunkuyar da kai.

"Ni na ce ya tafi."

Dattijon ya buga masa baya ya ce Allah ya yi albarka.

A hanyar komawa ta yi masa bayani ba tare da faɗa ba. Ta ce da ya faɗi haka tun ranar farko, da akwai abin da za a duba. Amma ya saki mutumin da kamfaninsu zai bi, sannan ya sa hannu a kan abin da ba haka ba ne, kuma ita ba za ta iya rubuta wani abu daban da abin da kunnenta ya ji ba. Ya ce ya gane. Ya roƙe ta ko za ta bari shi ya fara shiga wurin Tijjani, ta ce ya je, za ta jira a mota.

Tijjani ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba. Ya daɗe yana murza goshi. Ya ce yafiyar ba ta dame shi ba, da zai iya tsaya masa a gaban manaja a kan wannan. Amma takardar da ke hannun 'yan sanda da ta inshora, har da sa hannunsa shi Tijjani a ƙasa, wannan ba shi da bakin karewa. Ya miƙo hannu. Ɗayyabu ya ciro makullin ya ɗora masa. Aka ce ya zauna a gida, zai ji saƙo, kuma duk wanda ya yi aikin kamfani ya san irin saƙon.

Azahar ba ta yi ba ya shiga gida. Saudat tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ɗago ta gan shi a wannan lokaci, ta ajiye farantin a hankali. Ya zauna a kan turmi ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ya jira mita, ko kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Malam, da za a mayar da kai ranar, za ka riƙe tsohon?"

Ya buɗe baki zai ce zai riƙe, sai ya fasa. Ya dubi igiyar shanya, kayan makarantar yara shida a jere suna ɗigar ruwa.

"Ban sani ba, Saudat. Wallahi ban sani ba."

Ta jawo farantin, ta ɗebi shinkafar da hannu biyu ta mayar cikin buhu, ta ci gaba da tsince abin da ya rage.