Maɓallin da Yaya Ya Ƙi Sawa

Yayana ya shafe shekaru yana aikin da ba a tunawa da mai yinsa sai ya lalace. Manhaja yake rubutawa, wadda masu gina shafukan intanet ke ɗauka su kulle bayanan mutane da ita, don kada ɓarawo ya karanta. Ɗakinsa teburi ne da kwamfuta da fanka mai ƙara, sai kujera ta biyu da ta zama wurin tara wanki tun rasuwar matarsa.

Tsarinsa ɗaya ne: duk abin da mai gina shafi zai iya taɓawa ya yi kuskure, cire shi yake. Ba zaɓen irin makulli, ba maɓallin kashewa. Ka ba manhajar bayani, ta kulle, shi ke nan. A gida Yaya A'a muke ce masa, don ko allura ka ara sai ya ji abin da za ka ɗinka.

Dubban mutane na amfani da abinsa, ba mai ce masa ko sannu. Abin yana ƙona min rai, shi kuwa wai shirun alama ce ta komai lafiya. Cika baki ne kawai. Na sha kawo masa abinci in tarar yana sake duba akwatin saƙo, wayam.

Sai ga wani mai gina shafin ƙaramin asibiti. Da tambaya ya fara, tambaya ta zama hira. Kullum da hantsi sai sun yi waya, daga zancen makulli su gangara ciwon baya da ƙiriniyar 'ya'yan mutumin. Na ji Yaya yana dariya har da tari, na yi hamdala.

Ran nan ina ɗakin, wayar a buɗe ina jin muryarsu, mutumin ya ce, "Abokina, sa min ɗan maɓalli in riƙa kashe kullen lokacin gwaji. Wallahi yana cinye min lokaci."

Yaya ya ce, "Wanda ya kashe don gwaji, mantawa yake ya kunna. Bari in nuna maka yadda za ka gwada a kulle."

"Ni zan manta? Ashe kallon yaro kake min."

"Ba kai ba, wanda zai gaje ka. Bayanan marasa lafiya ne fa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

"To, akwai wata manhajar da ba ta da wannan taurin kai."

Da suka ajiye na ce, "Haba Yaya, maɓalli ɗaya! Sa masa shi kaɗai mana."

"Ƙanwata, in na sa wa mutum ɗaya, na sa wa kowa."

Mutumin ya koma waccan manhajar. Bai ma yi fushi ba, abin da ya fi min ciwo ke nan. Kawai ba shi da sauran abin tambaya, sai wayar ta mutu da kanta.

Yaya ya zauna ya rubuta dogon bayani kan yadda ake gwaji ba tare da an kashe kulle ba, duk misalan na asibiti, ya sa a shafinsa. Wai don kowa ne. Jiya ina kwashe kwanuka ya tambaye ni, idonsa a kan kwamfuta, "Kina ganin ya karanta?"