Mai Guga Ya Koma Keke

Ranar da Mai Guga ya ji kunya, fararen rigunan likitan unguwa ne shanye a igiya, daidai bayan tsohuwar motar Mai Gugan. Ya shiga ya tayar da ita, ya taka totur kamar kullum, sai salansa ta yi wani tari ta feshe rigunan da baƙin hayaki. Likita kuwa yana tsaye, ya zo karɓar kayansa.

Shagon Mai Guga fa a ƙarshen layin gidansa yake, ko akuya ba za ta gaji ba. Amma bawan Allah sai ya je a mota, yara na tari, mata na rufe taga. Likita ya ce ko motar ko cinikinsa, ya zaɓa. Mai Guga ya kwana yana tunani, ya zaɓi tuwon 'ya'yansa. Yanzu keke yake hawa, motar kuma kazar matarsa ce ke ƙwai a ciki.

Jiya maƙwabta suka tare shi: "Yallaɓai, ina direbanka?"

Bai ko sauka ba ya ce, "Da, tari ne ya hana ku surutu. Ku ƙara ko kalma ɗaya, gobe in tayar da ita!"