Allon da Ammu Bashir Ya Bari

Ban taɓa mantawa da ranar bakwai ga Zulhajjin shekarata ta uku a kamfanin motocin alhazai da ke unguwar Hindawiyya a ƙasa mai tsarki ba. Ni ne mai kula da na'urori, kuma ni na rubuta manhajar da muke rabon motoci da ita. Irin ta baƙin allo ce, rubutu zalla. Ma'aikaci zai buga lambar mota da tantin da za ta nufa a Arfa da sunan direba, ya danna maɓallin shigarwa. Nan take manhajar za ta adana bayanin, ta ba da umarnin share allo. Na sa wannan ne don kada idon gajiyayye ya haɗa motar ɗazu da ta yanzu.

Mai rabon motocin shi ne Ammu Bashir, wato Baffa Bashir, dattijo ɗan unguwar Tandabawi wanda kakansa ya zo daga Sakkwato da ƙafa. Da hantsin ranar yana cikin aiki ya dafe ƙirji. Muka kai shi asibiti, kafin azahar rai ya yi halinsa. Bayan la'asar aka sallace shi a Harami.

Da muka dawo ofis, allonsa na nan yadda ya bar shi. Ya buga lambar mota da tanti, bai kai ga sunan direba ba. Na'urarsa kaɗai ke haɗe da injin buga takardun direbobi, ga direbobi kuwa a tsakar gida suna jira. Amma ba wanda ya iya zama a kujerar.

Mudir Salihu, shugabanmu, ya ce mini a hankali, "Ustaz Kabiru, alhazai ba za su jira ba."

Ina shirin zama sai ga 'yar marigayin, Maryam, ma'aikaciyar jinya, ta zo karɓar tabarau da makullansa. Larabci ya fi ƙarfi a bakinta, amma da Hausa ta tambaye ni, "Wannan shi ne na ƙarshe da Baba ya rubuta?"

Na ce shi ne.

"In kun share, khalas, shi ke nan ya tafi?"

Na yi mata bayani cewa sharewar allo ba ta taɓa abin da aka adana, duk motocin da ya raba da safe suna ciki. Layin nan ne kawai bai shiga ba, domin bai cika ba.

Ta daɗe tana kallon layin. Sannan ta ce, "Wane direba ne?"

Mudir ya ce motar Isa ce. Ta zauna a kujerar mahaifinta, ta buga sunan da yatsa ɗaya, na nuna mata maɓallin. Ta yi bisimilla ta danna. Allon ya koma fayau, injin ya turo takardar Isa. Ta miƙa masa da hannunta, ta tashi ta ba ni wuri.

A aikinmu an koya mana cewa allo wurin kallo ne kawai, kuma gaskiya ne. Amma tun ranar, duk na'urar da na tarar da rubutun wani a kai, sai na tambayi masu wurin kafin in share.