Kunnen Babana da Injin Tsohuwa

Babana bakaniken injin jirgin ruwa ne, amma a bakin ruwa babu mai ce masa bakanike. Kunne suke kiransa, yaro da babba. Har Inna ma idan ranta ya ɓaci haka take cewa, "Je ki gaya wa Kunne abincinsa ya huce." Sunan ya fito ne daga yadda yake aiki, don shi ba ya awo. Sauran bakanikai suna da 'yan ƙarafunan da suke gwada kaurin wannan da faɗin wancan. Shi kuwa sai ya haɗa inji ya tayar, ya ɗauko wata doguwar sukudireba mai mariƙin katako, ya kafa bakinta a jikin injin, ya manna mariƙin a kunnensa na dama, ya lumshe ido. Jim kaɗan ya ce, "Fistin na uku ne," a buɗe a tarar haka ne. In kuwa ya ce lafiya, to ka loda iyalinka ka shiga ruwa.

Ni ce babbar 'yarsa. Shagon da nake ɗinka rumfunan tamfol na jirage bango ɗaya ne da garejinsa, don haka na girma, na yi aure, na haihu, duk cikin rurin inji. Ban iya riƙe sifana ba, amma na san kukan inji mai lafiya kamar yadda na san tarin 'ya'yana.

Ni na fara lura da abin. Rediyonsa ya koma ihu. In ka yi masa magana ta baya, ko gezau. Sai ya koyi kallon bakin mutum, yana gyaɗa kai yana cewa "haka ne" ko da tambaya aka yi masa. Wata rana na kai masa shayi na ce, "Baba, da mun je an duba kunnen nan."

Ya ajiye kofin. "Ke da wa kuka yi wannan maganar?"

"Ni kaɗai."

"To ta tsaya a ke kaɗai."

Duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya da birki, amma kallon da ya yi mini ba na faɗa ba ne, na roƙo ne. Aiki ya riga ya fara ja baya a garejin. Masu jirage sun soma kai injinansu gaba a ɓoye, suna wucewa ta bayan shagona don kada su haɗa ido da shi.

Ana cikin haka injin Tsohuwa ya mutu. Tsohuwa wani jirgin katako ne mai ɗaukar 'yan kasuwa da kayansu zuwa ƙetare. Injinta a cikin cikinta yake, ƙarƙashin katakai, ba irin wanda ake ratayawa a baya ba. Mai ita Auta, ɗan wani marigayi aminin Baba ne, kuma ita ce abincin gidansu gaba ɗaya. Masu ƙera irin wannan injin sun daina tun Auta yana rarrafe. Kowa ya ce ya rataya mata ƙaramin inji a baya ya huta, shi kuwa ya san ƙaramin inji ba zai ja ta da lodi ba. Baba ya ce a bar masa.

Ya shiga yawon wuraren masu tsofaffin ƙarafa, yau nan gobe can, yana dawowa da tsatsa har a gemu. A ƙarshe ya samo ɗan'uwan injin a wata ma'aikatar ƙanƙara da aka rufe, inda a da yake juya janareta. Da aka sauke shi daga mota har da sheƙar ɓera a ciki. Inna ta leƙa ta ce, "Gawa biyu ka tara, Kunne, wacce za ka fara binnewa?" Bai ji ba, ya yi mata murmushi.

Na daɗe ban ga babana da farin ciki irin na watannin nan ba. Ya wargaza injinan biyu a kan tabarma, ya wanke kowane ƙarfe da kananzir, ya zaɓi mai kyau daga nan, mai kyau daga can. Ya rame, hannunsa ya yi baƙi ƙirin, amma yana 'yar waƙarsa. Na san abin da yake nema a cikin ƙarafunan nan. Sunansa yake son ya dawo da shi, a gaban waɗanda suke bi ta bayan shagona.

Ranar gwaji da hantsi bakin ruwa ya cika. Auta ya murɗa, injin ya yi tari, ya kama. Mutane suka yi tafi. Tafin na lafawa na ji shi: can ƙarƙashin rurin akwai wani bugu, ƙwal, ƙwal, ƙwal, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga cikin ɗaki. Na dubi Auta, ya kawar da kai. Mai shayin tashar ya tsaya da buta a hannu. Wallahi ko mai sayar da igiya, wanda bai san fistin daga murfin tukunya ba, sai da ya karkata kai.

Baba ya sauka cikin jirgin da sukudirebarsa. Ya kafa ta, ya manna kunnen dama. Ya daɗe. Sai ya juya ya manna na hagu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ɗago yana murmushi ya ce, "Lafiya lau. Ku saki igiya."

Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja Auta gefe na ce, "Kai kurma ne kai ma? Kashe injin nan."

Ya ce, "Yaya, mutumin nan ya riƙe ni bayan babana. In buɗe baki a gaban wannan taro in ce masa injinsa yana bugu? Zan ɗan zaga in dawo. Gobe sai in ce masa mai yake ɗiga, ya sake buɗewa."

Na dubi manyan da ke tsaye, sa'o'in Baba, ko ɗaya zai taimaka. Wannan yana gyara hula, wancan yana kallon takalminsa. Kowa yana rufa masa asiri, aka saki igiya.

Tsohuwa ba ta yi nisa ba. Tana juya kai za ta dawo sai hayaƙi ya tashi baƙi, aka ji wata ƙara kamar an yar da buhun ƙarafa. Kowa a bakin ruwa ya zabura, ban da mutum ɗaya. Baba yana tsaye hannu a baya, yana kallon jirginsa. Sai da ya ga kafaɗun mutane sun yi tsalle sannan ya juyo yana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Wani kwalekwale mai ƙaramin inji a baya ne ya je ya jawo ta.

Babu wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi sauƙi. Sai kowa ya tuna yana da wani uzuri. Suna wucewa suna cewa, "Sannu da ƙoƙari, Kunne," da ƙarfi, suna buɗe baki sosai yadda zai gani.

Da la'asar na same shi a gareji. An fito da injin, ƙarfe ya ɓula gefensa ya fito, baƙin mai ya malale a ƙasa. Yana zaune a kan benci da sukudirebar a cinyarsa. Na tsaya a gabansa inda zai ga bakina.

"Kin ji wani abu kafin su tashi?"

"Na ji, Baba."

"Auta ya ji?"

"Ya ji."

"Mai shayi fa?"

Na sunkuyar da kai. Ya gyaɗa kai, ya sa hannu ya rufe fuskarsa, man ya ɓata masa goshi. Ya ce, "Da da lodi ne, da mata da yara a ciki..." Bai ƙarasa ba.

Gangar jikin tsohon injin Tsohuwa, wanda aka cire da farko, tana nan, sai ya sake farawa daga ita. Auta ya shiga lodi a jirgin wani kafin a gama, bai taɓa ɗaga maganar ba, kuma wannan ya fi cin Baba. Ranar da aikin ya haɗu bai kira kowa ba. Ya buga bangon da ke tsakaninmu, na bar keken ɗinki na zo. Ya miƙo mini sukudirebar. Mariƙin ya yi sumul, ya lotsa daidai inda kunnensa ya saba zama.

Ya ce, "Rufe ƙofa tukuna."

Na rufe. Ya tayar da injin, ya kama hannuna ya kafa bakin ƙarfen inda ya dace, ya tsaya yana kallon bakina.

Tsohuwa tana kai mutane ƙetare yanzu. Har yau in ya bi ta tasha ana ɗaga murya a ce, "Kunne, ina kwana?" Ba ya waiwayawa. Ni da nake tafiya a gefensa ban san ko bai ji ba ne, kuma ban taɓa tambayarsa ba.