Aiken Baba a Bayan Lusail

Mun tashi da asuba daga unguwar Bin Mahmud a Doha, ni da dattijon nan ɗan Koriya ta Kudu da nake tuƙawa a kamfaninmu. Injiniya ne, ya haura sittin, ba shi da kowa a Doha, kamar ni. Baba nake ce masa, yana kuma amsawa. Juma'a ce, ranar hutuna, ranar da na saba wanke kayana in kwanta ina kallon silin har a kira salla. Da ya roƙe ni in kai shi wani wurin gini can bayan Lusail ban ja ba, don ɗakin ya ishe ni.

Lokacin sanyi ne, hazon teku ya kwanta a kan titi, dogayen benayen bakin ruwa duk an yanke musu kai. Muka tsaya a wani shago na danna hon, aka kawo mana karak, shayin nan mai kauri da suke sayarwa riyal ɗaya. A duk Qatar shi kaɗai ne abin da talaka da mai kuɗi suke saya ba wanda ya yi ƙorafi. Baba ya riƙe nasa yana ɗumama hannu, bai kurɓa ba. Sai da muka hau babban titin arewa ya gaya mini abin da ya fito da shi, da Turancinmu da ni da shi muke ta ɗinke shi kamar tsohon buhu.

Ashe a Koriya ta Arewa aka haife shi. Yana goye aka yi yaƙin da ya raba ƙasarsu, uwarsa ta gudu da shi Kudu, aka bar yayarsa wurin kaka da niyyar a dawo idan ƙura ta lafa. Ba a dawo ba. Uwar ta rasu tana kiran sunan yarinyar. Yanzu ya samu labarin akwai leburorin Koriya ta Arewa a wannan wurin ginin, kuma daga lardinsu aka kwaso su. Abu ɗaya yake son ji: ƙauyen yana nan, da mutane a cikinsa?

Ni mutumin Jibiya ne. Gwaggona tana Maraɗi, wata ƙasa ce a takarda, amma babur nake hawa in je in ci tuwonta in dawo kafin magariba. Don haka na buɗe baki na ce, "To Baba, me ya hana ka je ka gani da idonka?"

Ya yi dariya har shayin ya zubo masa a wando. Tun da na san shi ban taɓa jin dariyarsa ba, kuma ban ji daɗin wannan ba.

Muka wuce Lusail. Ƙugiyoyin ɗaga kaya sun cika sama, garin da ba a gama haihuwarsa ba amma an riga an sa wa titunansa fitila. A nan Baba ya shiga ba ni labarin wata ƙasa da babu ita. Ya ce a farkon yaƙin sojojin kwaminisancin Arewa sun cinye kusan komai, ɗan lungu ɗaya ya rage a bakin teku. Da sun ci lungun nan, da shi ke nan, ƙasa ta zama ɗaya. Ya ce shekara da shekaru yana gina wannan ƙasar a ransa. A cikinta babu shingen waya, jirgin ƙasa yana tashi daga ƙarshen kudu ya dire a ƙarshen arewa. Shi ba injiniya ba ne a can, mai duba tikiti ne a jirgin, albashinsa ba ya kai wata, hoton shugaba yana rataye a ɗakinsa, ba shi da bakin cewa uffan. Amma duk lokacin girbi yana sauka a wata ƙaramar tasha, wata tsohuwa tana jiransa tana yi masa faɗa don ya rame.

Na ce, "Kana son 'yan kwaminisancin nan ke nan?"

Ya ce, "Su suka kashe mahaifina. Amma duk ƙasar da na gina, sai sun ci yaƙin nake ganin yayata."

Daga nan ya ɗora mini aikin. Shi ba zai iya matsawa kusa da leburorin ba, don da mai tsaronsu ya ji lafazin Kudu, wanda aka yi wa maganar ya shiga uku. Waya ma ya hana in fito da ita. Baƙar fata direba kuwa, wa zai kula da shi? Sai ya koya mini tambayar da harshensu, sunan ƙauyen da wasu kalmomi a bayansa. Jama'a, na haddace izu ashirin ina yaro, amma jimlar nan ta kusa karya mini harshe. In faɗa, ya girgiza kai. In sake, ya ce na tambayi ko akuya tana da takalmi. Haka muka yi ta yi, hamada a hagu, hamada a dama, har ya ce, "Yalla, ya isa."

Wurin ginin fili ne aka kewaye da kwano, da wata rumfar shayi a gefe. Na ajiye motar can nesa, Baba ya zame a kujerar baya. Ba a jima ba wata tsohuwar bas ta sauke su. Ban taɓa ganin mutane masu yawa haka da shiru irin nasu ba. Kaya iri ɗaya, kowa da ɗan bajo a ƙirji, duk sun bushe. Mai tsaron nasu shi kaɗai ke da tumbi, ya tsaya yana magana da mai gadi.

Na shiga layin shayi bayan wani mai furfura a gefen kunne. Na yi bisimilla a zuci, na saki tambayar ina kallon ƙasa.

Mutumin ya ƙame. Bai waiwayo ba. Na ɗauka na sake tambayar takalmin akuya ne. Sai na ji yana magana ƙasa-ƙasa, da sauri, kamar mai karanta addu'a, doguwar magana mai hawa da sauka. Ya karɓi kofinsa ya tafi.

A lokacin na gane abin da ni da Baba duka muka manta. Ya koya mini tambaya, bai koya mini ɗaukar amsa ba.

Na nufi mota ina maimaita sautukan a baki, ina jin suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin in buɗe ƙofa saura guntaye. Na zazzage masa abin da ya rage. Ya kama hannuna ya ce in sake. Na sake. Ya rufe ido ya ce in sake a hankali. A ƙarshe kalma ɗaya tak ya iya tsamowa: mul, wato ruwa da harshensu.

Ya ce wataƙila an yi dam, ruwa ya shanye ƙauyen. Wataƙila kogin bayan gidansu mutumin yake nufi, yana cewa komai na nan. Sannan ya ce, "Ko kuma ƙishirwa yake ji."

Ya sa na kai shi wani kanti a hanya, ya cika but ɗin motar da katan-katan na ruwa, muka koma. An riga an shige da su, an ja ƙofa. Muka jibge ruwan wurin mai gadi, wani ɗan Nepal da ya yi ta kallonmu kamar mahaukata. Ban sani ba ko ya kai musu.

Muka kamo hanyar gida. Rana ta kore hazon, Doha ta fito fes kamar ba abin da ya faru. Na sauke shi a ƙofar gidansa, ya sunkuya mini irin gaisuwarsu, ya daɗe bai ɗago ba. Na samu Juma'a a masallacin unguwa, na koma ɗakina, ban iya cin abinci ba.

Da ina ganin ba wanda ya kai ni kaɗaici a garin nan. Tafiyar ta nuna mini nawa kaɗaicin yana da ranar ƙarewa, tana rubuce a jikin kwantiragi. Na Baba kuwa amsarsa ta zo har kunnena, ni kaɗai a duniya na ji ta, kuma ban iya riƙe ta ba. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, bai sake tayar da zancen ba. Amma tun ranar na daina kunna rediyo a motar. Ina tuƙi ina motsa baki, ko Allah zai sa wata kalmar ta dawo, shi kuma ina ganinsa ta madubi yana kallon leɓɓana.