Wata Huɗu Ina Rainon Macijin Ciki

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban rubuta komai a nan ba. Masu tambaya ko na sauka, ku yi haƙuri, ga amsarku yau. Mai cin abinci ya gama tukuna.

Shekara shida da aurena ban taɓa ko ɓatan wata ba. Bara, bayan an cire albasa, al'adata ta tsaya. Ga tashin zuciya, ga kasala, ga kwaɗayin farar ƙasa, kullum sai na ci. Ina ramewa, ciki yana tasowa.

Ban yi gwajin ciki ba. Na gaji da ganin layi ɗaya, alamar babu.

Wata ranar Laraba ina tankaɗe, na ji abu ya gilma ƙasan cibiyata. Na ruga ɗakin Inna, uwar mijina, na ce, "Inna, motsi nake ji."

Ta ajiye carbi, ta dafa cikina. "Alhamdu lillahi! Shi na, ɗiyata. Ki yi shuru da bakinki, kada ki tahi asibiti yanzu su tattaɓa shi."

Kun san mu mata. Idan matar aure ta ce motsi, abu ɗaya ake nufi. Ba wadda ta tambaye ni wane iri. Nawa ba shuri ba ne, mutsu-mutsu ne, kamar ana jan igiya a hankali. Ban taɓa ciki ba, ina zan san bambanci? Har shafa shi nake ina yi masa hira.

Na yi wata huɗu a haka.

Ranar da abin ya tashi muna Aliero wajen suna. Cikina ya murɗa, na fita bayan ɗaki na yi amai. Na ji wani abu ya maƙale mini a maƙogwaro. Na sa yatsu na jawo.

Tsawonsa ya fi taƙi. Fari-fari, mai santsi, yana nannaɗe mini yatsa.

Har yau idan na tuna sai na tofar da yawu.

Mijina ya ɗauko ni zuwa asibiti a Jega. Aka yi gwajin fitsari da na jini, aka ba ni 'yar kwalba na kawo bayan gida, aka yi hoton ciki. Ina kwance ina cewa likita, "Ki duba da kyau, wallahi yana motsi."

Ta juyo da allon wajena. "Hajiya, mahaifarki ba kowa. Macizan ciki ne, sun dunƙule suna neman toshe miki hanji. Hanji da kansa yana motsi, su ma suna yi. Jininki ya yi ƙasa ƙwarai, shi ya ɗauke miki al'ada."

Ban yi kuka ba. Ƙyamar kaina ce ta kama ni. Na ji kamar in cire cikin in jefar.

Kwana tara na yi. Roba ta hanci, ƙarin ruwa, leda biyu na jini, kwana uku ba ci ba sha. An ce idan hanjin bai buɗe ba sai tiyata. Albasar da muka ajiye sai ta yi tsada, ita aka sayar aka biya kuɗin asibiti.

Da aka ba ni maganin tsutsa suka fara fita. Ba zan kwatanta ba. Inna ce take ɗaukar fo ɗin bayan gidan da hannunta, tana toshe hanci da mayafi. Ran nan ta dawo ta zauna bakin gado ta ce, "Ni na hana ki zuwa. Ki yahe mini."

A nan na yi kukan.

Yanzu na warke. Na yi ƙiba, al'ada ta dawo. Taliya ce dai har yau ba na iya kallo.

Na gode wa Allah. Na gode wa mijina da bai taɓa yi mini gori ba, da Inna, da ma'aikatan jinya da ba su yatsina fuska a gabana ba, da ku masu addu'a.

'Yan uwana mata, ku wanke latas da tumatir da kyau kafin ku yi kwaɗo. Ku wanke hannu da sabulu. Ku bar cin ƙasa. Ku tambayi ma'aikatan lafiya yadda ake shan maganin tsutsa, ku da yaranku.

Kuma duk wadda ta ji motsi, ta je a duba mata kafin ta fara zaɓen suna.