Mma Adizatu, Mai Jinyar Masu Kumburin Ciki

Kafin rana ta ɗaga, Mma Adizatu ta riga ta tako daga unguwar Gumbihini zuwa ƙaramin asibitin da take aiki, ta dafa allurai a tukunya, ta wuce ɗakin ƙarshe da sauran ma'aikata ke gudu. Can ake kwantar da masu kumburin ciki: hannuwa kamar sillen kara, ƙafafu a kumbure, ciki cike da ruwa, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa kewaye da cibiya. Ita ke riƙe su idan likita zai zuƙe ruwan, ita ke juya wanda ya kasa juyawa. Ta san ruwan zai dawo, kuma ba ta taɓa ɓoye musu ba.

A shekarar yunwa, 1983, aka kawo Hammawa a amalanke, wani makiyayi daga bayan Gurugu. Magani ya ƙare, abinci ya yi wuya. Yayansa Sidiki ya biyo shi da maganar da ta riga ta zaga ruga, wai matarsa Asta ce ta ba shi sammu a nono. Aka daina sayen nononta, aka hana ta zuwa kusa da mijinta. Sai ta wuni a gindin dogonyaron harabar asibitin tana hawaye.

Mma Adizatu ta kira Sidiki bakin gado, ta tambaye shi ko shi da Hammawa sun yi fitsarin jini suna yara. Ya ce duk yaron da ke shayar da shanu a dam ya yi. Ta gaya masa tsargiya ke nan: ƙwan wata tsutsa da ake ɗauka a ruwan dam ya taru a hanta har ta taurare, jini ya rasa hanyar wucewa, ya koma baya ya cika jijiyoyi, ruwa ya riƙa tsattsafowa a ciki.

"Baba Sidiki, ciwon nan ya girmi aurensu," in ji ta. "Ka bar yarinyar nan ta ga mijinta. Lokaci ya ƙure."

Sidiki ya miƙe tsaye. Ya fita da kansa ya kirawo Asta.

Hammawa bai tashi ba. Wata safiya jijiya ta fashe masa, ya yi ta aman jini, ga shi babu jinin da za a ƙara masa. Ya cika a kan cinyar matarsa. Mma Adizatu ce ta wanke shimfiɗar, ta raka Asta har ruga don kowa ya ji gaskiya daga bakinta.

Mma, ke ce mai zama idan magani ya gaza. Yau ciwon gwiwa ya sa kin ajiye aiki, yawancin waɗanda kika yi wa jinya kuwa suna ƙarƙashin ƙasa, ba su da bakin godiya. Mun gode a madadinsu. Allah Ya saka miki.

Ku kuma da kuka shigo aikin jinya yanzu, kada hankalinku ya tsaya kan masu warkewa kaɗai. Wanda ba zai tashi ba, shi ma yana jin ƙishirwa.